Hannuna ƙarami ne, yatsana da ƙyar yake kai wa kunama: wace fistol ce za ta dace da ni?

Ummin Tunfure

Assalamu alaikum. Bappannina da yayyena masu sanin harkar makami, shawara nake nema. Ina aiki a nan Gombe da ɗaya daga cikin hukumomin da doka ta ba su damar riƙe makami, kuma sunana ya fito cikin waɗanda za su yi kwas ɗin ƙaramar bindiga. Iri uku ne a ɗakin makamanmu: Beretta 92, tsofaffin Browning, sai 'yan Glock 17 kaɗan.

Matsalata hannu. Daga wuyan hannuna zuwa kan yatsan tsakiya santimita 16 ne kacal. In na riƙe Beretta, sai na murɗa hannuna gefe kafin manuniyata ta kai kunama, harsasan kuma ƙasa suke sauka ta hagu. Jan silaid ma, wato ƙarfen saman bindigar da ake ja baya don ɗana harsashi, wahala yake ba ni. Wasu sun ce in nemi 'yar mitsitsiyar fistol irin ta aljihu, wai ita ce ta mata. Gaskiya ne? Sannan ina sha'awar gasar harbi nan gaba, ko akwai wadda mutum zai iya mallaka ya riƙa atisaye da ita a gida?

Bappa Saje mai ritaya, Jekadafari

Wa alaikumus salam, 'yata. Girman bindigar gaba ɗaya ba shi ne abin dubawa ba. Abu biyu za ki auna: kaurin mariƙi, da tazarar da ke tsakanin bayan mariƙi da fuskar kunama. Na biyun ya fi ba masu ƙaramin hannu wahala, kuma shi ne mutane ba sa lura da shi.

Ga yadda za ki gwada, a gaban mai kula da ɗakin makamai. Fara cire magazin, wato gidan da ake jera harsasai, sannan ki ja silaid baya ki kulle shi, ki leƙa ɗakin harsashi da idonki, ki sa ɗan yatsa ki taɓa. Magazin ne farko. Wanda ya fara jan silaid kafin ya cire magazin, harsashi ɗaya ya fitar ya ɗana wani. In kin tabbatar babu komai a ciki, ki juya bakinta inda ba mutum, ki sa bayan mariƙin daidai tsakiyar kwarmin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, can sama har fatar ta ɗan matsu da leɓen da ke ƙarƙashin silaid. Bututun ya miƙe layi ɗaya da ƙashin damtsenki na ƙasa, wato daga gwiwar hannu zuwa bakin bindiga babu karkata. To a haka, ba tare da kin motsa tafin hannu ba, ki ɗora manuniya a kan kunama.

In tsakiyar tsokar gaɓar farko ta zauna a fuskar kunama, kuma akwai 'yar kafa tsakanin sauran yatsan da jikin bindigar, ta yi miki. In kan farce ne kawai yake taɓa gefen kunamar, ta fi ƙarfin hannunki. Abin da kike yi yanzu na murɗa hannu illa biyu yake jawowa. Na farko, yatsan yana tura kunamar gefe maimakon ya ja ta baya sak, mai harbi da dama kuwa hagu yake tura ta, shi ya sa kike ganin harsasanki a can. Na biyu, bugun baya ba ya shiga damtse, a gaɓar babban yatsa yake sauka. Bayan magazin biyu wurin zai fara zafi, sai jiki ya fara tsoron harbin, ki riƙa danna bakin bindigar ƙasa tun kafin ta tashi. Ƙasa da hagu ke nan sun haɗu.

Cikin ukun da kika lissafa, Beretta 92 ce mafi wuya gare ki. Harsashi 15 take ɗauka a jere biyu, mariƙinta kauri gare shi, kuma harbin farko kunamar ce ke ɗaga hama, wato 'yar gudumar da ke sa harsashi ya tashi, da kanta, don haka tana can gaba, janta kuma ya kai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Daga harbi na biyu kunamar takan dawo baya ta yi laushi. Bindiga ce mai kyau, sojojin Amurka sun riƙe ta tun 1985, amma da suka canja zuwa SIG P320 a 2017, ɗaya daga cikin abubuwan da suka nema shi ne mariƙin da zai yi wa hannuwa iri-iri, shi ya sa sabuwar take zuwa da ƙarami, matsakaici da babba.

Browning kuwa, kada tsufanta ya sa ki raina ta. Ƙirar 1935 ce, harsashi 13 a jere biyu, amma mariƙinta siriri ne in aka kwatanta da 'yan uwanta, kuma kunamarta ba ta ɗaga hama, saki kawai take yi, don haka tana kusa. Hannuwa ƙanana da yawa sun fi samun kansu a kanta. Aibinta: seftin tsohuwar ƙira, wato makullin hana ta tashi, ƙarami ne mai tauri, saitinta da ake auna hari da su ƙanana, sifirin da ke mayar da silaid da ƙarfi, kuma hamar takan ciji fatar kwarmin hannu. Tana kuma buƙatar horo na musamman a kan sefti, sai hannu ya saba sauke shi ba tare da tunani ba.

Glock 17 ta danganta da zubinta. Duba silaid: in an rubuta Gen4 ko Gen5 a jikinsa, bayan mariƙin ana ƙara masa faifai ko a cire. Ki ce a cire miki duka, a bar shi tsirara. Jan kunamarta ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe, kimanin kilo 2.5. In da ni ne mai raba muku, da ita zan fara gwada ki, sannan Browning.

Ɗan Wunti

Ni dai a ganina Adda ta nemi Walther PPK ko wata mai harsashin .380. Ƙarama ce, ba nauyi, harsashinta bai kai 9mm ƙarfi ba. Me zai sa a wahalar da ita da babbar bindiga?

Hamma Injiniya, Yelwan Tudu

Ɗan Wunti, shawarar nan ita ce aka fi bai wa mata, kuma ita ta fi korar su daga filin harbi. Bari a yi lissafi.

Harsashin 9mm mai nauyin giram 8 yana fita da gudun mita 350 zuwa 370 a daƙiƙa. Ƙarfin da ya tura shi gaba, shi ne yake tura bindigar baya, ko babba ce ko ƙarama. Bambancin kawai nauyin da zai shanye bugun. Beretta 92 ba harsashi ta kusa kilo 1. Glock 17 wajen giram 700 da magazin. 'Yar ƙaramar Glock 43 kuwa wajen giram 500. Harsashi ɗaya, rabin nauyi, bugun da zai iso hannu kusan ninki biyu. Ƙara da cewa mariƙin 'yar ƙaramar gajere ne, ɗan autan yatsa yana lilo a iska, shi kuwa wannan yatsan yana cikin masu hana bakin bindiga ɗagawa sama. Tazarar saitin gaba da na baya ma gajeriya ce, kuskuren milimita 1 a ido yakan zama babba a allon da ake harbi.

PPK da makamanciyarta Makarov kuma suna da tasu matsalar daban. Bututunsu a kafe yake, ba ya kullewa da silaid, don haka nauyin silaid da ƙarfin sifirin ne kaɗai ke riƙe da harsashin lokacin tashi. Dole sifirin ya yi tauri. Wadda ta ce jan silaid yana ba ta wahala, ka kai ta ga wanda ya fi tauri kuma ya fi ƙanƙanta wurin kamawa? Bugunsu ma kaifi gare shi fiye da yadda girman harsashin yake nunawa, jan farko na kunamarsu nauyi, kuma PPK ta yi suna wajen yankan fatar hannu da gefen silaid.

Abin da hannu ƙarami yake so shi ne siririn mariƙi mai cikakken tsawo, a jikin bindiga mai matsakaicin nauyi. Kamfanin Glock yana buga tazarar kunama a takardunsa: tsohuwar 17 kimanin milimita 72, Gen4 da Gen5 ba faifai kimanin 70, Glock 48 da 43X kimanin 67. Milimita 3 ko 5 kamar ba komai, amma a gaɓar yatsa shi ne bambancin kan farce da tsakiyar tsoka. Glock 48 ɗin, wadda ta fito a 2019, misali ce mai kyau ta abin da nake nufi: harsashi 10, mariƙi siriri, amma tsawonta kusan na Glock 19 mai matsakaicin girma.

Sauran da aka ƙera da wannan tunanin, don sani kawai, tunda ba ke za ki yi wa hukuma sayayya ba: Walther PDP F ta 2022 an rage mata kaurin mariƙi da tazarar kunama, an kuma sassauta jan silaid. M&P 2.0 ta Smith & Wesson tana zuwa da faifan mariƙi huɗu. VP9 da P30 na Heckler & Koch ana canja musu baya da gefe biyu, kowanne girma uku. Shield EZ kuwa don sauƙin jan silaid aka yi ta. Wadda zan ce a yi hattara da ita CZ 75: mariƙinta daɗi a tafi, amma kunamar farko tana da nisa, silaid ɗin kuma a cikin jiki yake gudu, ɗan kaɗan ne ya leƙo waje da za a kama.

In kuma Berettar ce dole, mai kula da makamai zai iya sa mata siraran marafan gefe, yana rage wani abu. Akwai masu canja sifirin hama da mai laushi don sauƙaƙa jan farko. Kada ki yi wannan da kanki, kada ki bari wani ya yi miki a bayan fage. Sifirin da ya yi laushi fiye da kima yakan bugi gindin harsashi bai tashi ba, kuma taɓa cikin makamin gwamnati laifi ne a wurin aiki ko da ya yi kyau.

Barista, Fadaman Mada

Ƙanwata, tambayarki ta ƙarshe ce ta sa na sa baki, don kada wani mai karatu ya ɗauka kasuwa ake shiga a zaɓa.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, kuma fistol da rabolba kowace iri suna ciki, tare da bindigogin yaƙi. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Kashi na biyu su ne na mallakar mutum: bindigar farauta mai harsashin ƙwaya, raifal ta wasanni, da bindigogin iska, har da fistol ta iska. Lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki irin adakar maharba, waɗannan Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininsu. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Katin aikinki ba lasisin mallaka ba ne. Abin da aka ba ki ki sa hannu a littafi, na aiki ne, a littafin kuma za ki mayar. Ko fistol ta iska ta gasa sai da lasisi, shigo da ita daga waje kuma sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Hanya mafi tsabta ita ce ki bi ta sashen wasanni na hukumarku ko hukumar wasanni ta jiha, su haɗa ki da tarayyar wasan harbi ta ƙasa, ki yi atisaye da kayan ƙungiya.

Goggo Koci

Ummi, su Bappa sun gama da zaɓi. Ni silaid zan yi miki bayani, don ba ƙarfin hannu ba ne, dabara ce.

Yawancin masu farawa suna miƙa bindigar gaba, su kama ƙarshen silaid da babban yatsa da manuniya kamar za su harba gwafa, su ja. Yatsu biyu ne ke kokawa da sifiri. Ki bar wannan. Jawo bindigar kusa da ƙirjinki, gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari, bakinta yana kallon allo, manuniya a miƙe a jikin bindiga nesa da kunama. Ɗora hannun hagu a kan bayan silaid ta sama: yatsu huɗu a gefe ɗaya, gindin tafi a ɗaya gefen, kada tafinki ya rufe tagar da kwanson harsashi ke fita. Riƙe silaid ɗin kam a wuri ɗaya, ki tura mariƙin gaba da hannun dama da ƙarfi, lokaci guda, da kafaɗa. In ya kai ƙarshe ki sake shi ya tafi da kansa. Kada ki raka shi a hankali, rakiyar ce ke sa harsashi ya tsaya a rabin hanya, silaid bai rufe ba. Abin lura ɗaya: wajen tura hannu, masu farawa sukan juya bakin bindiga hagu, ya kalli na kusa da su. Jikinki za ki juya dama, ba bindigar ba. A Browning, in kika fara ɗaga hama da babban yatsa, jan yana raguwa sosai. A Beretta kuma ki kula, tafin hannu yakan danne seftin da ke kan silaid ba ki sani ba, ki zo harbi kunama ta yi sako-sako.

Hannun hagu shi ne maganin ƙaramin hannu. Bayan dama ta kama, akwai filin da ya rage a gefen hagu na mariƙi. Cika shi da gindin tafin hagu, yatsun hagu su rufe na dama, manyan yatsu biyu su kalli gaba, ɗaya a kan ɗaya. Hagu ta matse fiye da dama, don manuniya ta samu sakewa. Kada babban yatsan hagu ya haye bayan silaid, zai dawo da gudu ya yanke shi. Wuyan hannu kuma a ƙage. In ya yi laushi, bindigar gaba ɗaya ke ja baya tare da silaid, silaid bai kai ƙarshe ba, kwanso ya maƙale a taga a tsaye. Bindigogi marasa nauyi irin Glock sun fi yin haka, sai a ce makamin ne ya lalace alhali riƙo ne.

Gasa kuwa, can ne ƙaramin hannu ba ya zama matsala ko kaɗan. A fistol ta iska ta mita 10, ƙwayar milimita 4.5 ce, bugun baya kusan babu. Ƙa'idar duniya: nauyin bindiga kada ya wuce giram 1,500, jan kunama kada ya gaza giram 500, harbi 60 cikin minti 75 a allon lantarki, da hannu ɗaya, da'irar maki 10 kuma faɗinta milimita 11.5. Mariƙin katako ne da ake sassaƙawa da siffar tafi, ana yin sa daga ƙarami ƙwarai zuwa babba. Faɗin tafi ake aunawa a kan gaɓoɓin yatsu huɗu, ban da babban yatsa, a duba jadawalin kamfanin, don na Steyr da na Morini da na Walther ba lallai su zo ɗaya ba. Akwai ɗan dandamali a ƙasa da ake ɗagawa ya tallafi gefen tafi, ita kanta kunamar ana kwance ta da ɗan makulli a matso da ita baya ko a karkata ta. Inda ya yi yawa a goge da fayil, inda ya yi rami a cike. Kamar ƙotar fartanya ce, mai ita yake gyara ta daidai hannunsa.

Ummin Tunfure

Allah ya saka da alheri, Bappa, Hamma, Barista da Goggo. Na gwada kamar yadda Bappa ya ce. Glock ɗinmu Gen4 ce, da aka cire faifan baya tsokar yatsana ta zauna a kunama. Saura biyu: babban yatsana ba ya kai maɓallin sakin magazin sai na sassauta riƙo, kuma da zafin nan tafina gumi yake yi, mariƙin yana zamewa.

Bappa Saje mai ritaya, Jekadafari

Madalla, 'yata. Maɓallin magazin ba abin damuwa ba ne, har masu manyan hannuwa da yawa sai sun ɗan juya bindigar a tafi. Hanya biyu ce. Ko dai hannun hagu, kafin ya bar mariƙi ya tafi ɗauko sabon magazin, ya danna maɓallin da babban yatsansa. Ko kuma ki ɗan juya ta a tafin dama, ki danna, ki mayar da riƙon daidai kafin hagu ta dawo. Zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. A Gen4 ana iya juya maɓallin ya koma ɓangaren dama, wasu masu gajeren babban yatsa suna danna shi da yatsan tsakiya, amma wannan aikin mai kula da makamai ne, kuma tsofaffin magazin masu tsaga a gefe ɗaya ba sa kamawa in an juya. Sandar sakin silaid ma kada ki wahalar da yatsa a kanta, ki ja silaid ta sama yadda Goggo ta koya miki.

Gumi kuwa, watan Maris da Afrilu a Gombe ba a raba tafi da shi. Kada ki shafa mai ko basilin a hannu ranar harbi, ki wanke da sabulu ki bushe, ki ajiye ƙaramin tawul a aljihu. Garin alli irin na masu ɗaga ƙarfe yana taimakawa. Rigar roba da ake sa wa mariƙi ki guje ta, kauri take ƙarawa, ta mayar da ke inda kika fito. In an yarda a wurinku, siririn tef mai kaushi ya fi, don bai kai milimita 1 ba. Safar hannu ma tazara take ƙarawa. Zobe a cire, farcen manuniya a yanke shi gajere don kada ya tokari garkuwar kunama. Ki duba kuma ko mai ne ya gangaro mariƙin daga sama: Glock ɗigo kaɗan take so, biyar ko shida a wuraren da littafinta ya nuna, kuma in hunturu ya zo da ƙurarsa, man da ya yi yawa taɓo yake zama a cikin silaid.

Kafin ranar kwas, ki roƙi malaminku atisayen jan kunama ba harsashi, minti 10 zuwa 15 a zama ɗaya, a ɗakin da babu harsashi ko ɗaya. A ɗora kwanso a tsaye a kan silaid kusa da saitin gaba, ki ja kunama har ta saki. In kwanson ya faɗi, bakin bindigar kuma ya karkata hagu, yatsan bai shiga sosai ba, ƙara shi kaɗan. In dama ya karkata, yatsan ya shige da yawa har gaɓa tana jan kunamar. A filin harbi kuma ki fara daga mita 5, harsashi biyar-biyar, kada ki matsa zuwa mita 10 sai biyar ɗin suna taruwa a wurin da tafin hannunki zai rufe. Ki ce malamin ya cusa miki harsashin bogi ɗaya, wanda ba ya tashi, a magazin ba tare da kin san inda yake ba. In kika zo kansa bakin bindigar ya duƙa, to tsoron bugu bai gama fita ba, a koma atisayen kwanso.